Mai Ɗiga wa Karnuka Ido

A Burslem in an miƙo maka shayi,
kafin ka kurɓa sai ka juya faranti,
ka karanta tambarin da ke gindinsa.
Baƙo kan ɗauka rashin kunya ne.
Mu kuwa magabatanmu muke gaisarwa.

Kakata Hilda Shenton,
shekara arba'in da ɗaya gaban taga guda,
buroshinta gashin kurege, siriri kamar tsinke.
Wata ta shafa wa kare ja a kunne,
wata ta ja masa sarƙar zinari a wuya,
sannan a turo mata su a jere,
karnukan tangaran, farare fat, makafi.
Ɗigo biyu, su tashi suna kallon duniya.

Dozin ake biya, ba yini ba,
shi ma sai wanda ya fito wuta lafiya.
In tanderu ya yi fushi ya fasa ɗari,
aljihunta ke jin zafin.
Aikinta yana falon masu gari,
ita tana cin dankali a farantin da ya ɓalle baki.

Ta ce a zamaninta tanderu sun fi coci yawa,
masu dogon wuya, sak kwalabe,
suna aman hayaƙin kwal har rana ta manta garin.
Ka shanya farar riga da hantsi,
la'asar ka kwashe ta kamar an share tukunya da ita.
Yumɓu daga Cornwall, a jirgin da doki ke ja,
ƙashin shanu a ƙone, a niƙe, a cakuɗa,
shi ya sa in ka ɗaga kofi ga fitila
inuwar yatsunka ke leƙowa ta ciki.

Mijinta Reuben ɗan dakon wuta ne.
Akwatin yumɓu a ka, ya hau tsani cikin tanderu,
zafi ya cinye masa gira tun yana saurayi.
Ƙurar dutsen niƙa ta sami masauki a huhunsa,
ta zauna, tana gina tulunta a hankali.

Ran da tarin ya kwana bai tsaya ba
ta ɗaura gyale ta tafi aiki,
don mai gidan haya ba ya jin tari.
Sau ɗaya hannunta ya yi rawa.
Idon wani kare ya kauce, ya dubi ƙofa.
Mai duba kaya ya jefa shi cikin na banza,
ta fanshe shi sule biyu, shi da ɗan'uwansa,
ta ɗora su kan kantar murhu,
wannan dama, wancan hagu, agogo a tsakiya.

Bara muka rufe ta.
Dillalin gwanjo ya zo da tabarau a karan hanci,
ya ƙwanƙwasa da farce, ya saurari ƙarar,
ya ce, "Da idon nan ya zauna daidai,
da na ce fam ɗari uku.
Haka nan, ashirin, kuma na yi ƙoƙari."
Na zuba masa shayi.
Ya shanye tas, bai juya faranti ba.
Na raka shi ƙofa hannu rabbana.

Ni direban bas ne, ban iya yumɓu ba.
Kullum ina wuce tanderun da suka rage,
sun huce, ciyawa ta tsiro tsakanin bulo,
yara na sayen tikiti su shiga su yi ihu
don su ji muryarsu ta dawo.

Da dare in na kunna fitila,
na dama yakan zuba min ido.
Na hagu ko kallo ban ishe shi ba,
yana can ga ƙofa,
yana sauraron takun mutumin da ba shi da gira.